Haƙƙin Mai Ɗaukar Gawa a Kan Rayayyu

A kowace rundunar soja akwai mutanen da aikinsu yake farawa bayan an daina harbi. Su ne suke bin fagen daga suna tattara gawawwaki, su tantance ko wane ne wane, su killace kayan da aka samu a jikin mamaci, su shirya shi domin a binne shi ko a mayar da shi ga iyalinsa. Wasu ƙasashe, irin su Amurka, sun ware wa wannan aiki rukuni na musamman da horo na musamman. A wasu wuraren kuma nauyin yakan faɗa kan duk sojan da ke kusa, wanda sau da yawa abokin mamacin ne. Binciken shekaru da dama ya tabbatar da cewa masu wannan aiki sukan koma gida da rauni a zuciya ko da harsashi bai taɓa su ba. Daga nan tambayoyi uku suke tasowa, waɗanda likita shi kaɗai ba zai iya amsa su ba: me ya ba gawa haƙƙin da har mai rai zai sa lafiyarsa cikin haɗari dominta, shin damuwar da ta kama mai ɗaukarta alamar ƙarancin imani ce, kuma a wuyan wa jinyarsa take.

Asalin aikin da yadda ake yin sa

Rundunar sojan Amurka ta kafa sashen rajistar kaburbura a shekarar 1917, lokacin da ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda aka ba shugabancinsa shi ne Charles Pierce, malamin addinin Kirista na soja, wanda ya taɓa kula da tantance gawawwakin sojoji a birnin Manila, ya kuma nemi a riƙa rataya wa kowane soja ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunansa. Da yaƙin ya ƙare, aikin tono gawawwakin da suka yi watanni a ƙasa da sake binne su a manyan maƙabartun Faransa ya faɗa mafi yawa kan sojoji baƙar fata, waɗanda a wancan zamani su ake tura wa aikin da kowa yake gudu. A yaƙin Koriya aka soma mayar da gawawwaki gida tun ana cikin faɗa, ba a jira sai ƙura ta lafa ba. A 1991 aka sauya wa sashen suna ya koma sashen lamurran gawa. Ana horar da sojojinsa a barikin Fort Lee da ke jihar Virginia, gawawwakin da aka kwaso daga ƙetare kuma suna sauka a sansanin sojan sama na Dover, a jihar Delaware.

Aikin yana da matakai sanannu. Idan aka kawo gawa wurin tattarawa, sai a fara duba ko akwai harsashi ko gurnetin da bai fashe ba a jikinta ko cikin kayanta. Sannan a rubuta duk abin da ido ya gani: raunuka, tabo, zanen fata, da sassan jikin da ba a samu ba. A zazzage aljihu a lissafa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ko kuɗi ne, ko zobe, ko hoton iyali, ko wasiƙar da ba a kai ga aikawa ba. Daga nan a sa gawar cikin akwatin ƙarfe tare da ƙanƙara, a lulluɓe shi da tuta, a ɗora a jirgi. Inda bam ya tashi da mota, aikin yakan koma tsintar tsoka da ƙashi cikin toka da narkakken ƙarfe, da ƙoƙarin raba na wannan da na wancan. Ba kuma gawar 'yan'uwansu sojoji kaɗai suke ɗauka ba, har da ta abokan gaba da ta fararen hula, cikinsu da mata da ƙananan yara.

Dokar yaƙi ta duniya ta wajabta wannan. Yarjejeniyar Geneva ta farko, ta 1949, a sashe na 15 zuwa na 17, ta umarci ɓangarorin da ke faɗa su nemo matattu, su hana a wawushe kayansu, su rubuta bayanan da za su taimaka a gane su, su binne su cikin mutunci bisa tsarin addininsu idan hali ya yi, su kuma sa wa kaburburan alama yadda za a iya gano su daga baya.

Abin da bincike ya gano

An fara nazarin lafiyar masu wannan aiki sosai bayan wasu manyan masifu. A Nuwamban 1978 fiye da mutum 900 suka mutu a Jonestown, ƙasar Guyana, kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne, kuma sojojin Amurka ne suka kwashe gawawwakin zuwa Dover. Wani likitan ƙwaƙwalwa na sojan sama, David Jones, ya bibiyi waɗanda suka yi aikin, ya wallafa sakamakon a 1985. Ya gano cewa matasa da ƙananan sojoji da waɗanda suka fi cuɗanya da gawawwakin sun fi shiga damuwa. A ranar 12 ga Disamban 1985 jirgin da ya ɗauko sojoji daga aikin kiyaye zaman lafiya a Sina'i ya faɗi a Gander, ƙasar Kanada, sojoji 248 da ma'aikatan jirgi 8 suka halaka. A ranar 19 ga Afrilun 1989 kuma fashewa a jirgin ruwan yaƙi mai suna Iowa ta kashe sojojin ruwa 47. Robert Ursano da James McCarroll da Carol Fullerton, na jami'ar likitancin soja da ke Bethesda, sun daɗe suna nazarin masu aikin gawa a irin waɗannan masifu da kuma yaƙin Tekun Fasha na 1991. Wani binciken da Patricia Sutker ta jagoranta, wanda ya fito a 1994, ya samu kusan rabin wani rukunin sojojin da suka yi aikin gawa a wannan yaƙi suna fama da ciwon firgici na bayan masifa, wanda likitoci suke kira PTSD a taƙaice.

Abubuwan da suka fi yi wa ma'aikatan illa sun yi ta maimaituwa a binciken. Akwai wari, musamman ƙaurin ƙonewar nama da ƙarnin jini, wanda yakan sa mutum ya ƙaurace wa gasasshen nama tsawon watanni, ko ya yi ta wanka yana jin kamar bai fita ba. Akwai gawar yara. Akwai fuska da hannaye, da kayan aljihu, domin su ne suke mayar da gawa ta zama wani takamaiman mutum mai uwa da mata da 'ya'ya. Mafi nauyi shi ne idan ma'aikaci ya soma ganin abokinsa ko ɗan'uwansa a jikin mamacin. Jess Goodell, wadda ta yi wannan aiki da sojojin kundumbala na Amurka a Iraƙi a 2004, ta bayyana a littafinta na 2011 yadda sauran sojoji suke nesanta kansu da rukuninsu, da yadda rayuwa ta gagare ta bayan komawa gida.

Matsalar ba ta tsaya kan ƙwararrun sashen ba. A binciken da Charles Hoge da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, kusan rabin sojojin ƙasa da suka dawo daga Iraƙi sun ce sun taɓa ko sun gano gawa ko sassan jikin mutum. Cikin waɗanda gwaji ya nuna suna da matsalar ƙwaƙwalwa kuwa, kashi 23 zuwa 40 cikin ɗari kacal suka nemi taimako, kuma babban abin da ya hana sauran shi ne tsoron a ce musu ragwaye. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya shigar da PTSD a 1980, ya fito fili a bugunsa na 2013 ya ambaci masu tattara sassan jikin mutane cikin waɗanda aikinsu kaɗai zai iya jawo musu ciwon.

Matsayin gawa

Idan gawa ba komai ba ce face abin da ya saura bayan mutum ya tafi, to duk wannan wahala asara ce. Epikurus, masanin falsafar Girka, ya koyar da cewa mutuwa ba ta cutar da mamaci, tunda babu sauran ji a tare da shi. Amma mutanen ƙasarsa ba su yi aiki da wannan ra'ayi ba. A shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Atina sun yanke wa kwamandojinsu shida hukuncin kisa bayan sun ci nasarar yaƙin ruwa na Arginusai, saboda ba su tsaya sun kwashe waɗanda jiragensu suka nutse ba, rayayyu da matattu. Wasan kwaikwayon Sofokilis mai suna Antigone kuma gaba ɗayansa a kan macen da ta zaɓi mutuwa ne a kan ta bar gawar ɗan'uwanta a fili.

Ana iya kawo dalilai uku na haƙƙin gawa. Na farko haƙƙin iyali ne. Matar da aka tabbatar mata da rasuwar mijinta za ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, a raba gado, rayuwa ta ci gaba. Wadda mijinta ya ɓace kuwa tana rataye, ba aure ba zawarci, shi ya sa malaman fiƙihu suka ware babi guda kan hukuncin ɓatacce, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci jiran shekara huɗu. Dalili na biyu alkawari ne ga sojojin da ke raye: wanda ya san ba za a bar shi ga angulu ba ya fi samun ƙarfin zuciyar shiga faɗa. Na uku shi ne mutuncin mamacin kansa, kuma a nan addini ya fi ba da cikakkiyar amsa. Alƙur'ani, a Suratul Isra'i aya ta 70, ya tabbatar da karramawar da Allah ya yi wa 'yan Adam baki ɗaya. Hadisin da Abu Dawuda ya rawaito daga Nana A'isha ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Buhari da Muslim sun rawaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya miƙe tsaye da aka wuce da makarar wani Bayahude, da aka yi masa magana kuma ya tunatar da sahabbai cewa shi ma rai ne. A Suratul Ma'ida aya ta 31, darasin da ya biyo bayan kisan kai na farko a duniya shi ne yadda ake binne gawa.

Nan ne wahalar ma'aikacin take. Domin hannunsa ya iya aiki, dole ya ɗan nesanta zuciyarsa: kada ya kalli fuska, kada ya karanta wasiƙa, kada ya riƙe suna. Wannan ita ce shawarar da ƙwararru suke bayarwa, kuma tana da amfani. Domin aikin ya yi kyau kuma, dole ya tuna cewa abin da ke gabansa mutum ne mai daraja. Yana riƙe da waɗannan biyu a lokaci guda, kullum, tsawon watanni. Idan ya dawo gida, zuciyar da ya koya wa daskarewa takan ƙi narkewa ga matarsa da 'ya'yansa, ko kuma duk abin da ya danne ya taso masa gaba ɗaya. Ke nan raunin yana fitowa ne daga abin da ya sa aikin ya zama mai daraja, wato ganin mutum a jikin gawa.

Faralu kifaya da abin da yake jawowa

A shari'ar Musulunci wankan mamaci da sa masa likkafani da yi masa salla da binne shi faralu kifaya ne: idan wasu suka yi, nauyin ya sauka daga kan kowa, idan kuma kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi. Ma'anar wannan ita ce wajibin tun asali a kan jama'a duka yake. Wanda ya tashi ya yi, wakilinsu ne, kuma da hannunsa suka kuɓuta daga zunubi. A addinin Kirista ma binne matattu yana cikin ayyukan jinƙai bakwai na jiki da Cocin Katolika take koyarwa.

Idan haka ne, cutar da wakilin ya kwaso a wajen sauke nauyin jama'a ba tasa ba ce shi kaɗai. Ba adalci ba ne a raba amfanin aiki ga kowa, a bar illarsa ga mutum ɗaya. Haka kuma ladan da aka yi wa mai jana'iza alkawari a lahira, irin ƙiraɗi biyu da suka zo a hadisin Buhari da Muslim, ba ya soke haƙƙinsa na duniya, kamar yadda ladan sojan da ya rasa ƙafa ba ya soke haƙƙinsa na jinya. Kula da lafiyar zuciyar mai ɗaukar gawa ci gaban wancan wajibi ne na farko, kuma masu iko, waɗanda suka tura shi, su ne na gaba wajen ɗaukarsa.

Darasin Uhudu

Tarihin Musulunci bai ɓoye nauyin wannan aiki ba. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, Musulmi kimanin 70 suka yi shahada, kuma an yi wa gawawwaki da dama kaca-kaca, cikinsu har da ta Sayyidina Hamza. Anas ɗan Nadru ya sha sara da suka har babu wanda ya gane shi sai 'yar'uwarsa, ita ma ta kan yatsunsa. Mayafin Mus'abu ɗan Umairu bai isa ya rufe shi duka ba, sai aka rufe kansa, aka sa ciyawa a ƙafafunsa. An binne shahidan da jininsu ba tare da wanka ba, ana haɗa mutum biyu a kabari ɗaya. Waɗanda suka yi wannan aiki su ne waɗanda suka fito daga faɗan da raunuka a jikinsu.

Abin da ya biyo baya yana da muhimmanci ga wannan batu. Jabiru ɗan Abdullahi bai samu natsuwa da yadda aka haɗa mahaifinsa da wani a kabari ba, sai da ya tono shi bayan wata shida ya sake binne shi shi kaɗai. Habbabu ɗan Arattu da Abdurrahman ɗan Aufu sun riƙa tuna gajeren likkafanin Mus'abu shekaru da yawa bayan haka, har Abdurrahman ya fashe da kuka ya bar abincin da aka kawo masa. Annabi (SAW) ya karɓi musuluntar Wahshi, wanda ya kashe Hamza, amma ya nemi ya riƙa kauce wa idonsa. Bayan shekara takwas kuma ya yi wa shahidan Uhudu addu'a irin ta mai bankwana. Duk waɗannan suna cikin Sahihul Buhari. Suna nuna cewa abin da ido ya gani a fagen daga yana iya zama a zuciyar mafi cikar imani, kuma babu wanda ya ɗauki hakan aibi.

Haƙuri, tawakkali da neman magani

Sau da yawa abin da ake ce wa soja mai damuwa shi ne ya yi haƙuri, ya yarda da ƙaddara, ya tuna shi namiji ne. Haƙuri wajibi ne, amma malamai sun bayyana shi da kame harshe da gaɓɓai daga fushi da hukuncin Allah. Ba su ce shi ne rashin jin zafi ba. Annabi Yaƙubu ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri, duk da haka Suratu Yusuf ta ba da labarin yadda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma bayyana hawayen da cewa rahama ce.

Mafarkin firgita, zabura idan ƙofa ta buga, rashin barci, saurin fushi da gudun duk abin da zai tuna masa da wurin, ba zaɓin mutum ba ne. Aikin jiki ne da ƙwaƙwalwar da ta saba da haɗari ta kasa komawa daidai, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da ba shi da iko a kansa. Hadisin Buhari ya tabbatar da cewa kowace cuta tana da magani, kuma neman magani yana cikin riƙo da sababi, wanda ba ya cin karo da tawakkali. Tun da daɗewa Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai, inda ya jera tsoro da baƙin ciki da waswasi cikin cututtukan da ake yi wa magani.

Akwai kuma wani rauni da ya fi kusa da fagen malaman addini. Jonathan Shay, likitan da ya yi jinyar tsofaffin sojojin Biyetnam, a littafinsa na 1994, da Brett Litz da abokan aikinsa a 2009, sun yi bayanin raunin lamiri: ciwon da ke kama mutum idan ya aikata, ko ya gani, ko ya kasa hana abin da ya saɓa wa abin da ya sani daidai ne. Mai ɗaukar gawa yakan zargi kansa da cewa bai samo dukkan sassan abokinsa ba, ko ya bar wani a baya da harbi ya yi tsanani, ko ya yi dariya a wurin da bai dace ba domin ya iya jurewa. Wani kuma yakan soma tambayar hikimar Allah bayan ya ɗauki gawar yaro. Ƙwaya ba ta amsa irin wannan. Yana bukatar malamin da zai saurara ba tare da gaggawar yanke hukunci ba, ya nuna masa bambancin laifi da gazawar da ta fi ƙarfin mutum, ya buɗe masa ƙofar tuba inda akwai laifi na gaske.

Rufin asiri da bukatar magana

Shari'a ta so mai wankan gawa ya zama amintacce, kuma hadisin da Hakim ya rawaito ya yi alkawarin gafara ga wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri. Soja kuma yana da ƙarin dalilan yin shiru: dokar aiki, da tausayin iyalin mamaci, da gudun tsorata nasa iyalin. Sai dai jinyar da ta fi tasiri tana bukatar ya faɗi abin da ya gani. A zahiri kamar akwai karo tsakanin amana da magani, amma idan aka duba babu. Abin da aka hana shi ne yaɗa aibin wani sanannen mamaci a majalisa. Faɗa wa likita halin da mutum yake ciki, a ɗaki, ba tare da ambaton suna ba, wani abu ne daban, kuma likitan ma amanar sirri tana wuyansa. Imam Nawawi ya jera wurare shida da aka halatta ambaton abin da a asali giba ne, cikinsu har da neman fatawa. Idan larura ta halatta wannan, bayanin majinyaci ga mai yi masa magani ya fi cancanta.

Komawa cikin mutane

Al'ummomin da suka gabata sun fahimci cewa wanda ya cuɗanya da mutuwa yana bukatar tsani kafin ya koma rayuwar yau da kullum. A Littafin Ƙidaya na Attaura, sura ta 19 da ta 31, wanda ya taɓa gawa da mayaƙin da ya dawo daga yaƙi suna yin kwana bakwai na tsarkakewa, mayaƙin ma a wajen sansani yake yin su. A mazhabar Malikiyya an so wanda ya wanke gawa shi ma ya yi wanka, ko da yake mumini ba ya zama najasa, a raye ko a mace. Rundunonin zamani sun dawo ga irin wannan hikima ta wata hanya: Kanada da Birtaniya sun riƙa tsayar da sojojinsu da suka fito daga Afganistan na ɗan lokaci a tsibirin Saifurus kafin su isa gida.

Abin lura shi ne ta'aziyya tana zuwa ga iyalin mamaci, ba ta zuwa ga wanda ya ɗauko shi. Da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya umarci a yi wa iyalinsa abinci saboda abin da ya shagaltar da su. Dalilin umarnin, wato jama'a su tallafi wanda masifa ta shagaltar, ya haɗa da wanda ya yi watanni yana karɓar gawawwaki.

Hanyoyin taimako

Taimako yana farawa tun kafin tafiya, da horo na gaskiya kan abin da za a gani da abin da za a shaƙa, da haɗa sabon shiga da gogagge. A lokacin aiki ana bukatar hutu da barci da karɓa-karɓa, da kauce wa ba mutum gawar wanda ya sani, da kwamandan da zai riƙa leƙowa yana nuna cewa aikin yana da daraja.

Bayan dawowa, lokaci yana da muhimmanci. Murnar isowa gida takan rufe alamun ciwo a makonnin farko, shi ya sa daga 2005 rundunar Amurka ta ƙara gwaji na biyu tsakanin kwana 90 zuwa 180 bayan dawowa. Masu bincike na Bethesda sun gwada wani shiri na musamman domin sojojin sashen gawa, wanda aka gina a kan ginshiƙai biyar na agajin farko ga zuciya: aminci, natsuwa, cuɗanya da mutane, yarda da iyawar kai, da kyakkyawan fata. Sojojin Birtaniya kuma suna horar da wasu daga cikin sojoji su riƙa lura da takwarorinsu bayan mummunan lamari. An kuma gano abin da ba ya amfani: tara mutane sau ɗaya a matsa musu su amayar da abin da suka gani nan take ba ya hana ciwon, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayansa.

Mafi yawan mutane suna farfaɗowa da taimakon iyali da abokai da ibada. Wanda alamunsa suka wuce wata guda suna hana shi aiki ko zaman iyali yana bukatar ƙwararre. Jinyar da aka fi tabbatar da ingancinta ta zama da magana ce, irin wadda Edna Foa ta tsara, ta fuskantar abin da ake gudu sannu a hankali, da wadda Patricia Resick ta tsara, ta gyara tunanin zargin kai, kowace kimanin zama 12. Akwai kuma magungunan damuwa da likita yake rubutawa. Duk wanda ya soma maganar kashe kansa, ko ya faɗa shaye-shaye, ko ya fara dukan iyali, lamarinsa na gaggawa ne.

Yankin Tafkin Chadi da Sahel

Tun 2009 sojojin Najeriya suke yaƙi a arewa maso gabas, daga baya na Nijar da Chadi da Kamaru suka shiga. A yankin Sahel kuma, a harin Inates na Disamban 2019 Nijar ta rasa sojoji 71, a na Chinagodrar na Janairun 2020 ta rasa 89. Kowace gawa daga cikin waɗannan wani ne ya ɗauke ta, cikin zafin rana, kuma a irin wannan fage mai ɗaukar yakan zama wanda suke cin abinci a kwano ɗaya da mamacin, wato yanayin da bincike ya nuna ya fi kowane haɗari. Haka lamarin yake ga 'yan sa-kai da ma'aikatan agaji da mutanen gari da suke kwashe gawawwaki bayan hari.

Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware. Sai dai likitocin fannin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Saboda haka wanda sojan zai fara zuwa wurinsa shi ne limami ko fasto ko fada, kuma rundunar sojan Najeriya tana da sashen harkokin Musulunci da sassan malaman Kirista. Mafarkin mamaci da jin wari inda babu shi ana yawan fassara su da shafar aljanu ko fatalwa. Addu'a da ruƙiyya suna da gurbinsu, amma malamin da ya san alamun ciwon zai haɗa addu'a da tura mutum asibiti, ya kuma faɗa a kan mumbari cewa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne.

Nauyin ya kasu gwargwadon iko. Gwamnati da runduna su ne za su rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin gawa, su bibiye su watanni bayan dawowa har bayan ritaya, su biya kuɗin jinya, su kuma tabbatar da cewa neman taimako ba ya hana ƙarin girma. Malaman addini su ne za su raba haƙuri da danne ciwo, su raba laifi da gazawa. Iyali suna bukatar a sanar da su alamun tun kafin mai gida ya sauka, domin matar aure ce takan fara ganin su. Maƙwabta da abokai kuma abin da ke kansu shi ne ziyara da girmamawa, da daina ƙyamar wanda ya yi abin da ya wajaba a kan kowa.